Ku Gama Dariyar, Sannan Ku Miƙo Mini Gwangwanin Kaka

Ku yi dariyarku, ina jira. Wanda haƙarƙarinsa ya fara ciwo ya jingina da bango, a miƙa masa ruwa. Laifin da ake tuhumata da shi na amsa: an gan ni a Kasuwar Kurmi na tsuguna gaban wani dattijo mai baza tsofaffin kaya, na maƙala gilashin nan na masu gyaran agogo a ido, ina jujjuya kwabo mai huji kamar unguwarzoma tana duba cibiyar jariri. Kafin la'asar labari ya riga ni isa majalisa. Wani ya ce tsadar rayuwa ce ta taɓa ni. Wani ya ce a'a, tun muna makaranta akwai alama. Wanda ya fi su tausayi ya ce a ƙyale ni, ai gara wannan da caca.

Alhaji, kai ka fi kowa ɗaga murya, don haka da kai zan fara. Cewa ka yi, "Kwabon da ko almajiri ka ba wa sai ya jefo maka abinka, shi ne wani mai hankali zai sa kuɗi ya saya?" Tambayar ɗan kasuwa ce, kuma ɗan kasuwa da lissafi ake ba shi amsa. A shekarar 2019, a wani gwanjo da aka yi a Landan, an sayar da dinari ƙwaya ɗaya tal na zamanin Banu Umayya, bugun shekara ta 105 bayan Hijira, a kan fam miliyan 3.72. Nauyinsa giram 4 da 'yan kai. In zinarin jikinsa za a bi, bai fi zoben da ka saka wa amaryarka a lefe ba. Abin da ya ɗaga shi 'yan kalmomi ne da aka ƙara a rubutunsa, masu nuna cewa zinarin daga ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz ya fito, ga shi kuma irinsa da aka sani a duniya ba su da yawa. A 2021 kuma, a Niyok, aka sallama wani sulen zinarin Amurka na dala 20, bugun 1933, a kan kusan dala miliyan 18.9. An buga irinsa 445,500, amma kafin su shiga hannun jama'a gwamnatin Shugaba Roosevelt ta hana riƙe zinari, aka narke su. 'Yan ƙalilan suka sulale ta bayan fage, ɗaya ya faɗa taskar Sarki Faruƙ na Masar, kuma ƙwaya ɗaya ce kacal doka ta yarda wani mutum ya mallaka.

Na ga dariya ta tsaya. Na kuma ga hannunka ya shiga aljihu yana laluben makullin mota, za ka gidan tsohuwa ka zazzage mata adudu. Zauna, Alhaji. Abin da ke ba ni mamaki da ku ke nan: minti biyar da suka wuce kuna cewa abin ba ya da darajar ficika, yanzu kuma kowa ya fara lissafin filin da zai saya da gwangwanin kakarsa. Mai dariyar farko da mai rawar jikin yanzu duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin babu wanda ya tsaya ya dubi kuɗin da ido a cikinsu. Ni kuwa a tsakaninku nake cin abincina. Daga hannun mai dariya nake saye, shi ne ke ba ni da araha don ya rabu da tarkace. Mai rawar jiki kuma shi 'yan damfara ke jira a bakin kasuwa.

Kada ku ce ina yi muku fankama, ni ma na sha. Farkon shigata wannan harka wani ya kira ni gefe, ya kwance ƙullin tsumma, ya nuna mini wata ƙatuwar dala ta azurfa mai hoton wata ƙosasshiyar Baturiya, a bayanta gaggafa mai kai biyu, ga 1780 ɓaro-ɓaro a rubuce. Na yi lissafi da sauri, shekara fiye da 200. Wannan kuɗi ya girmi jihadin Shehu! Gabana ya faɗi, bakina ya bushe, na biya abin da har yau ban gaya wa uwargida gaskiyarsa ba. Sai da na koma gida na bincika na gane abin da kowane ɗan koyo a wannan sana'a ya sani. Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. Dalarta ta karɓu a hannun Larabawa da Habashawa da fataken Sahara har suka ƙi yarda da wadda aka sauya wa kama, don haka aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗin ba canji. An buga ta a Biyana, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, fiye da miliyan 300, kuma har gobe ana bugawa. Wadda na saya watakila ma na girme ta.

Da takaici ya lafa sai na ga ashe darasin ya fi kuɗin. Wannan dala ba baƙuwarmu ba ce. Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Sunan ma ya zauna mana: a nan mun kira sule biyu dala, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa har yau da dala suke lissafi, kowace dala tamma biyar ta sefa. Abin da ya shafi aljihu shi ne, dalar Mariya ta gaskiya nauyinta giram 28 ne, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinta azurfa ce, wato akwai tsantsar azurfa wajen giram 23 a ciki. Wannan shi ne ƙasan farashinta, duk faɗuwar da za ta yi ba za ta wuce nan ba. Ka tambayi maƙeran fari nawa giram yake yau, ka ninka. In mai sayarwa ya sallama ƙasa da haka, ka ci riba tun kafin ka miƙe daga tsugunne. In ya ce maka ai ta shekara 200 ce, ka yi masa fatan alheri ka wuce. In kuwa ka ga mai hoton matar amma shekarar ba 1780 ba ce, ta kafin nan ce, to ka daidaita fuskarka, ka tambayi farashin wani abu daban tukuna.

Tsufa dai shi kaɗai ba ya sayar da kuɗi. Akwai sulallan Rumawa masu shekara fiye da 1,500 da ake sayarwa a Turai a kan kuɗin kwanon abinci, saboda tuli-tuli ake tono su. Can kuma a Ingila akwai sulen fensa 50 na 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew, wanda ko shekara ashirin bai yi ba, amma ana sayensa fiye da fam 100, saboda 210,000 kawai aka saki. Mai ɗa a Ingila yana karatu ya gaya masa ya riƙa duban canjin da aka ba shi a kanti, ko Allah zai sa yaron ya rage kiran waya a ƙarshen wata. Ya dai duba shekarar da kyau, don an sake buga mai irin hoton a 2019, kuma wannan bai kai wancan ba.

Yanzu ga wanda ya fi cin mutane a ƙasar nan, kwabon Sarki Edward na Takwas. Labarin yana da daɗi, shi ya sa yake shiga kunne. Mutumin ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, kafin Disamba ta ƙare ya ajiye rawani, saboda ya nace sai ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, manyan ƙasa suka ce ba da su ba. Ku da kuke cewa bazawara ba ta da farashi, ga wadda aka biya sadakinta da daula guda. To, saboda gajartar mulkinsa, a Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, sai 'yan gwaji da aka buga, kuma ɗaya daga cikinsu, na zinari, an sayar da shi fam miliyan 1 a 2020. Amma mu nan Afirka ta Yamma an aiko mana kwabo da ɗari da anini masu ɗauke da sunansa, domin kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa a kewaye. Dillali zai haɗa maka labaran biyu, ya nuna maka kwabon 1936, ya karanto maka miliyan ɗin can, ya bar ka ka ƙarasa lissafin da kanka. Abin da ba zai faɗa ba shi ne miliyoyi aka buga na namu, kuma masu tara kuɗi sun ɓoye su da yawa tun suna sababbi saboda sunan da ke jiki. Kwabo ne mai kyau, ina da shi, ina son sa, amma kuɗin tsire ne.

Sai dai a cikin wannan tarin na 1936 akwai wanda ake nema da fitila. A masana'antar da ke Bamingam an yi kuskure an haɗa hatimin gaba na kuɗin Afirka ta Gabas da hatimin baya na kwabonmu, aka sami ɗan ruwa biyu, wanda Turawan harkar ke kira alfadari, tunda uwa daban uba daban. Daga nesa ba ka bambanta shi da sauran. Sai ka karanta fuska biyun ka ga ba su yarda da juna ba. Wanda bai san akwai shi ba zai ba da shi a cikin tsibi, a farashin tsibi. Kun ga dalilin tsugunnon da kuka yi wa dariya.

Bari in rage muku buri, in nuna muku inda 'yar ribar take a zahiri, wadda ba ta sayen fili amma tana sayen buhun masara. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Turawa suka kafa a 1912, ta fara sakin taro da sisi da sule da fataka, wato sule biyu, a 1913, sule da fataka da hoton bishiyar kwakwar manja. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla gaba ɗaya. Hoton bai sauya ba, sarkin bai sauya ba. In sun tsufa sun yi dauɗa, mai baza kaya yakan zuba su a kwano ɗaya ya yi musu kuɗi ɗaya. Sule na azurfa giram 5.66 ne, fataka ninkinsa. Kai da ka san shekarar da aka yi canjin, tsince kawai za ka yi. Haka sulallan Ingila kansu: azurfa mai kyau har 1919, rabi-da-rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu ko ɗigo. Haka riyalin azurfa na zamanin Sarki Abdul'aziz da alhazan da suka je ta ƙasa suka dawo da shi a ɗaure a gefen zane. Wannan ba ya bukatar Bature ko gwanjon Landan. Maƙerin fari na unguwarku zai saya yau, don ya narke ya yi zobe, ko da yake duk lokacin da na ga haka sai in ji kamar ana yanka saniya mai ciki.

Sama da wannan mataki sai ƙananan haruffa. A jikin kuɗin Turawan nan, in ka sa gilashi, wani lokaci za ka ga ɗan ƙaramin H ko KN a laɓe. Alamar gidan da ya buga ne: H na Heaton, KN na King's Norton, duka a Bamingam, wanda ba shi da harafi kuma galibi na gidan buga kuɗin sarki ne na Landan. Shekara ɗaya, hoto ɗaya, amma wani gida ya buga miliyoyi, wani ya buga kaɗan, farashi kuma sai ya bi ƙarancin. Akwai kundaye da suka jera adadin kowace shekara da kowane harafi, kuma sayen kundin ya kamata ya riga sayen kwabon farko. Ni na yi akasin haka, kun kuma ji yadda ta kaya.

Anini ma a daina raina shi. Kashi ɗaya cikin goma na kwabo ne, mun mayar da shi ma'aunin tsiya, muna cewa wane ko anini ba shi da shi, sai kuma muka juya muka kira tauraron kafaɗar hafsan soja da sunansa, ka ji ana cewa mai anini uku. Na farkonsa, na 1907, da alminiyam aka buga shi, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko a duniya, ga rubutun Larabci a jikinsa don mutanenmu su karanta, ga sunan Nijeriya tun kafin haɗewar 1914. Gumi da damina suka riƙa cinye shi, a 1908 aka sauya masa ƙarfe. Saboda haka samun mai lafiyayyen jiki, wanda bai yi ƙuraje ba, sai an tona.

Wannan ya kawo ni kan Hajiya, wadda tun ɗazu take leƙowa ta labule tana cewa ita dai in akwai abin gyarawa a kawo mata. Hajiya, don girman Allah, ki ajiye tokar nan. Ki ajiye lemon tsamin, ki ajiye soson ƙarfe. Na san tarbiyya ce, ba a ba baƙo ruwa a kwano mai dauɗa, kuma tasoshinki ana ganin fuska a jikinsu. Amma a wannan kasuwa dauɗar ita ce shaidar. Wannan duhu-duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan azurfa masu saye kuɗi suke biya a kansa, kuma da zarar an dirje shi an tafi da fatar kuɗin ta asali, an bar ƙananan zane-zane da gilashi ke nunawa kamar gonar da aka yi wa kaftu. Masu tantancewa na Amurka, irin su PCGS da NGC, suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a cikin roba. Tsakanin maki 63 da 65 farashi na iya ninkawa. Wanda aka wanke kuwa ba sa ba shi maki ma, sai su rubuta a jikin robar cewa an wanke, kamar yadda ake buga wa takardar jarrabawa hatimin satar amsa. Haka wanda aka huda don a yi sarƙa, ko aka liƙa wa kunne don a rataya a kitso. Ya yi wa amarya kyau a zamaninsa, amma wurin mai tarawa ya koma ƙarfen awo. A riƙe kuɗi ta gefe, a sa shi a 'yar takarda shi kaɗai, kada a bar su suna gogar juna a gwangwani.

Malam ya yi gyaran murya, na san inda za shi: sayar da kwabo a kan fiye da kwabo fa? Allah gafarta Malam, kwabon nan ya sauka daga muƙamin kuɗi tun da naira ta shigo a 1973, yanzu kaya ne kamar tsohon takobi ko tsohuwar butar tagulla. Batun zinari da azurfa kuwa, da sharaɗin hannu da hannu, da zakkar da ke hawa kansu in sun kai nisabi, wannan fagenku ne, ni ɗalibi ne, zan zo da littafina bayan sallar asuba.

Sai kai, ƙanena mai waya. Kai ba ka yi dariya ba, latse-latse kawai ka yi, ka juyo mini da fuskar wayar: ga irin kwabon nan a eBay an sa masa dala 5,000. Na gani. Ni ma yanzu zan iya kai akuyata kara in sa mata suna miliyan goma, babu wanda zai kama ni. Sa suna daban, tayi daban, sallamawa daban, wannan ko yaron da ake aika sayen daddawa ya sani, amma da zarar an rubuta da Turanci a waya sai ilimin ya gudu. Ka nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka ga abin da aka biya a zahiri. Daga nan ka fara cirewa. Gidan gwanjo yana da la'adarsa, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye a wuyan mai saye, shi kuma da ita yake lissafin tayinsa, sannan a yanki wani abu a wurinka. Ga kuɗin aikawa, ga inshora, ga kuɗin tantancewa wanda shi kaɗai kan fi darajar yawancin abin da ke gwangwanin Kaka. Ga kuma hukuma: dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi sai da takardar izini, saboda haka kafin ka cusa tsohon abu a ambulan ka fara tambaya. In ka gama cire-ciren nan abin da ya rage shi ne ribar, kuma sau da yawa za ka ga gara ka sayar wa wani mahaukacin irina a nan gida.

Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ke da waya. Mai baza kayan ma yana da ita, jikansa na duba masa. Zamanin da ake samun dattijo bai san abin da ke tabarmarsa ba yana ƙarewa. Abin da ya rage shi ne shi ya san kaya dubu sama-sama, kai kuma ka san kaya ɗaya har ƙasa. Shi ya sa na tsaya kan kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa da na Tarayyar Nijeriya na 1959, ban taɓa na Sin ko na Rum, inda ni ne zan zama abincin wani.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, har da na dalar Mariya. Kayan aikina uku ne, duk suna shiga aljihun gaba: gilashi, ɗan sikelin masu gwal, da mayen ƙarfe. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe, in ka ga ta manne to sallama ta ƙare. In ka ɗora ta a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, tana da wani amo siriri mai dogon wutsiya, jabu kuwa sai ya ce maka ƙwas ya yi shiru. Amurkawa ma da mayen ƙarfe suke kama ɓarayinsu. A 1943, saboda yaƙi na cin jan ƙarfe, sun buga sentinsu da baƙin ƙarfe, amma 'yan ƙwayoyi suka fita da jan ƙarfe bisa kuskure, har an sayar da ɗaya dala miliyan 1.7 a 2010. Tun daga lokacin da labarin kuskuren ya bazu 'yan dabara ke shafa wa na baƙin ƙarfen jan launi. Mayen ƙarfe na naira kaɗan ya ishe su.

Akwai kuma damfarar da ba ta bukatar jabu, labari kawai take bukata. Za a ce maka wani Bature yana otal yana neman kwabo mai huji na shekara kaza, wai akwai wani sinadari a ciki, zai biya miliyoyi. Washegari, ikon Allah, sai ga wani baƙauye da irin kwabon yana neman kuɗin mota. Ka saya da tsada, ka nufi otal, ba Bature ba dalilinsa, ka dawo ba baƙauye. A Saudiyya a 2009 haka aka yi da tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, aka ce akwai jan makuri a cikinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka riƙa kara waya a jikin allura wai suna gwaji. Babu wani sinadari a kwabo. Mai saye na gaskiya shekara yake tambaya, da harafi, da lafiyar jiki, kuma ba ya sauri.

Wani daga baya yana cewa to ai sa'a ce kawai. Akwai ta, ban musa ba. A 2013 wasu mata da miji a Kalifoniya sun fita zagaya filinsu da karensu, suka hangi bakin wani gwangwani mai tsatsa ya leƙo daga ƙasa, suka tona suka sami sulallan zinari 1,427 da aka yi wa ƙiyasin dala miliyan 10. Kai da ko akuya ba ka fita da ita yawo, kada ka sa wannan a kasafin bana. Ni a shekarun da na yi ina wannan tsugunno ban taɓa samun abin da ya canja mini mota ba. Na dai mayar da asarar dalar farko, na ɗora wani abu a kai, kuma ina da akwati guda da in na buɗe nakan manta da abincin dare: taro mai kusurwa goma sha biyu da reshen auduga, sisi mai koko, da kwabo 25 na 1973 mai hoton dalar gyada, wanda a kasuwa bai kai komai ba, amma shi kaɗai ne wurin da 'ya'yana suka taɓa riƙe dalar gyadar Kano a hannu.

Shekaranjiya bayan isha wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure a ɓoye. Wai ya je gaida tsohuwa ne kawai, hira ta kawo hira, sai ga wata fataka mai bishiyar kwakwa, 1916, kuma da ya haska da fitilar waya kamar ya ga ɗan H ɗin nan da nake faɗa. Na ce masha Allah, azurfa ce, yaya jikinta? Ya ce ai sai ka gani, fes, har ɗaukar ido take. Na ce Alhaji, wanke ta aka yi? Shiru ya ɗan yi tsawo. Can ya ce Hajiya ce ta ga ta yi baƙi, ta ce ba za a kai wa mutane abu haka ba. Na ce ya kawo ta gobe mu ɗora a sikeli, kuɗin azurfarta dai yana nan. Kafin ya kashe ya roƙe ni kada 'yan majalisa su ji. Na ce masa haba Alhaji, wa zan gaya wa?